Maganin gonar da ya hana maza haihuwa: tarihin Nemagon, da abin da ya shafi masu feshinmu

1/
Jama'a, zaren yau yana da tsawo, kuma maganar tana da nauyi a baki. Amma tunda damina ta kama, rabin samarin garinmu sun goya injin feshi, gara a yi ta. Tarihin wani maganin gona ne da ya kashe wa dubban maza ƙwayoyin haihuwa, su kuma suna yawo suna cewa lafiyarsu ƙalau.

2/
Bari in fara da abin da ya sa na shiga tonon. Ni ɗan Babban Mutum ne, ƙaramar hukumar Baure, nan bakin iyakar Nijar. Ina da wani yaya a dangi, ba zan kama suna ba. Ya haura shekara goma yana feshin haya, na ciyawa da damina, na wake idan ya fara fure. Ya auri mata biyu, ya rabu da su duka a kan rashin haihuwa.

3/
Ta farkon yanzu 'ya'yanta uku a gidan wani. Ta biyun tana goyo. Lokacin da suke gidansa babu abin da ba su sha ba: rubutu, saƙe-saƙi, jiƙe-jiƙe. An kai su asibiti Daura, an tsallaka da ɗaya Magarya wajen mai magani. An kira su juya a gaban idonsu. Shi kuwa ko sau ɗaya ba wanda ya ce ya je a duba shi.

4/
Ba na cewa feshi ne ya jawo masa. Gwaji ne kaɗai ke raba wannan gardamar, shi kuma bai taɓa yi ba. Amma duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni namiji ne, lafiyata ƙalau." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

5/
To, tarihin. A shekarun 1950 kamfanonin Amurka biyu, Shell da Dow, suka fito da wani sinadari mai suna DBCP. Shell na sayar da shi da sunan Nemagon, Dow kuma Fumazone. Aikinsa kashe wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da ke cikin ƙasa suna cin saiwar shuka, ido ba ya ganin su. Manoman ayaba, abarba, inabi da lemo suka rungume shi, don yana aiki kuma ana iya zuba shi ba tare da ya kashe bishiyar ba.

6/
Kafin ya bazu, kamfanonin sun sa an gwada shi a kan dabbobi. Tun 1958 rahotannin cikin gida suka nuna matsala. A 1961 masu binciken ɓangarorin biyu, ciki har da Ted Torkelson na Dow da Charles Hine na Jami'ar Kalifoniya, suka buga sakamakon a mujallar kimiyya: ɓeraye da zomayen da suka shaƙi sinadarin, 'ya'yan marainansu sun motse.

7/
Ko a kashi 5 cikin miliyan na iska an ga illa a jikin ɓerayen. Shawarar da aka bayar ita ce kada abin da ma'aikaci zai shaƙa ya kai kashi 1 cikin miliyan. Gwamnatin Amurka ta yi wa maganin rajista a 1964. Takardar jikin durom ɗin ta yi gargaɗin kada a shaƙa, kada ya taɓa fata. Maganar haihuwa kam, ko kalma ɗaya babu.

8/
Wato an san abin da yake yi wa ɓera shekara 16 cur kafin a gano yana yi wa mutum. Kuma ba a ɓoye yake a wani akwati ba, a mujalla yake, duk mai so zai karanta. Sai dai leburan da ke cika durom ba ya karanta mujallar masana guba.

9/
Sai 1977, a wani ƙaramin gari mai suna Lathrop a jihar Kalifoniya. Kamfanin Occidental yana da masana'anta a can inda ake haɗa magungunan gona, har da DBCP. Ma'aikatan sashen matasa ne, yawancinsu magidanta. A hirar cin abincin rana suka fara lura da wani abu: an daɗe rabon da a yi suna a gidan ɗaya daga cikinsu.

10/
Nan ne wurin da ya fi tsaya min a rai a duk tarihin. Ba likita ne ya gano ba. Ba gwamnati ba ce, ba kamfani ba. Maza ne suka zauna suka cire kunya, wannan ya ce mu ma shiru, wancan ya ce mu ma shekara huɗu ke nan. Kowannensu a gida yana zaton matsalarsa ce shi kaɗai, ko ta matarsa. Da suka jera maganar sai ta zama lissafi.

11/
Ƙungiyarsu ta ƙwadago, ta ma'aikatan mai da sinadarai, ta shiga maganar. Mutum bakwai suka yarda suka ba da maniyyinsu a gwada. Duka bakwai ɗin sakamakonsu ya fito da matsala: wasu ƙwayoyin sun yi ƙaranci matuƙa, wasu babu ko ɗaya. Aka kai wa wani likitan lafiyar ma'aikata, Donald Whorton. Ya sa aka sake gwajin, abin ya sake fitowa haka.

12/
Whorton da abokan aikinsa suka faɗaɗa binciken, suka buga shi a mujallar Lancet a ƙarshen 1977. Cikin maza 25 da aka auna, 14 ko dai ba su da ƙwayar haihuwa sam, ko kuma ta yi ƙasa sosai. Mutum 11 da adadinsu bai wuce miliyan 1 a kowace mililita ba, duk sun yi aƙalla shekara uku a sashen. Waɗanda nasu ya haura miliyan 40, babu wanda ya wuce wata uku a wurin.

13/
Don a gane lissafin: ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na yanzu ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 cikin kowace mililita. To ka auna mai miliyan 1, balle mai sifili.

14/
Yanzu mu koma kan "lafiyata ƙalau". A cikin maraina ayyuka biyu ake yi, kuma kowanne da ma'aikatansa. Akwai wasu siraran bututu da ke nannaɗe a ciki, su ke ƙera ƙwayoyin haihuwa. A tsakankaninsu kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta daban da ke samar da sinadarin mazakuta, wanda ke ba da gemu, murya, sha'awa da kuzari.

15/
DBCP yana bin bututun nan ne ya kashe irin da ake ƙera ƙwayoyin da shi, ya bar ɗaya ɓangaren kusan yadda yake. Shi ya sa mazan Lathrop ba su ji komai ba. Sha'awa tana nan, ƙarfi yana nan, maniyyi yana fita kamar kullum. Ruwan ma ai yawancinsa daga wasu gaɓoɓin yake zuwa, ƙwayoyin ɗan kaɗan ne a ciki. Ido ba ya bambance mai ƙwaya da marar ƙwaya, sai madubin likita.

16/
Mu a nan mun haɗe abu biyu muka mai da su ɗaya: iya kwanciyar aure da iya haihuwa. Mai maganin gargajiya a kasuwa da lasifikarsa na farkon yake tallatawa. Namiji in ya ga wannan ɓangaren lafiya lau, shi ke nan ya wanke kansa, laifi ya koma ɗakin matar.

17/
Da labarin Lathrop ya fashe, aka gwada ma'aikatan Dow a garin Magnolia na jihar Arkansas, aka tarar da irin wannan. Kalifoniya ta dakatar da maganin a 1977. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa sabuwar iyaka a 1978: kashi 1 cikin biliyan. Ninki dubu ke nan ƙasa da waccan shawarar ta 1961. A 1979 aka hana amfani da shi, ban da gonakin abarba na Hawai, su ma aka rufe a 1985.

18/
Wani abin ban haushi da ban dariya: ana tsakiyar rikicin a 1977, wani babban jami'in ƙungiyar manoman wani ɗan itace da ake kira fic ya rubuta wa hukumar wasiƙa. Shawararsa ita ce a riƙa ba wa tsofaffin ma'aikata aikin, ko waɗanda dama ba sa son ƙarin 'ya'ya, su huta da zuwa asibiti a yi musu aikin tsayar da haihuwa. Wallahi da gaske ya rubuta, jaridu suka buga.

19/
To an hana a Amurka. Ina sauran durom ɗin suka nufa? Nan labarin ya fara matsowa kusa da mu.

20/
A 1977 Dow ya tsayar da aika maganin. Kamfanin ayaba na Standard Fruit, wanda yau muka sani da Dole, ya ce wannan saɓa yarjejeniya ne, shi yana buƙatar kayansa. Aka daidaita a kan cewa Standard Fruit zai ɗauki nauyin duk ƙarar da ta biyo baya, aka ci gaba da lodi. Wani ƙaramin kamfani, Amvac, shi ma ya ci gaba da haɗawa. Wannan duk ya fito a takardun kotu daga baya.

21/
Maganin ya ci gaba da aiki a gonakin ayaba na Kosta Rika, Honduras, Nikaraguwa, Filifin da sauransu. Leburori sun ba da shaida a kotu cewa suna zuba shi ba safar hannu, ba takunkumi, yana jiƙa musu tufafi. Gargaɗin jikin durom da Turanci yake, su kuma da yawansu Sifaniyanci suke ji, wasu ma ba sa karatu.

22/
Ka karanta wannan ka tuna yadda muke yi. Ni kaina na yi feshin haya hutu biyu don in haɗa kuɗin rajista. Tanki mai lita 16 a baya, murfin yana yoyo, ruwan yana bin gadon baya har cikin wando. In bakin ya toshe, a cire a hura da baki. In an gama a wanke hannu da ƙasa a ci ɗumame. Takardar jikin kwalba kuwa, wani sa'in da Faransanci take, wani sa'in da rubutun Sin.

23/
Ya zo Afirka ta Yamma kuwa? Ya zo. A shekarun 1990 dubban leburori suka shigar da ƙara a jihar Texas a kan Shell, Dow, Dole da sauransu. Daga ƙasashe 12 suka fito, biyu a cikinsu maƙwabtanmu ne: Kodebuwa da Burkina Faso.

24/
Mutum zai ce me ya kai Burkina cikin maganar gonakin ayaba na bakin teku? Ci-rani. Gonakin kudancin Kodebuwa da ƙwadagon mutanen arewa aka gina su, 'yan Burkina, 'yan Mali, 'yan Nijar. Hanyar Abidjan dai mu ma ba baƙuwarmu ba ce, duk wanda ya taso a bakin iyakar nan ya san gidan da wani ya tafi can neman kuɗi. Mutum ya yi shekaru yana aiki, ya dawo gida ya yi aure, shiru. Wa za a zarga a ƙauyen? Kun san amsar.

25/
Alƙalin Texas ya ce a 1995 ba a nan ya kamata a yi shari'ar ba, kowa ya koma kotun ƙasarsa. A 1997 kamfanonin da suka haɗa maganin suka yi sulhu a wajen kotu: kimanin dala miliyan 41 ga leburori wajen 26,000. Raba ka gani. Bai kai dala 1,600 ga kowane mutum ba, kafin lauyoyi su cire nasu. Kuɗin zuriyar mutum ke nan.

26/
Daga baya wasu ɗaruruwan leburorin Kodebuwa da suka yi aiki a gonakin ayaba da abarba na yankin Ono suka sake gwadawa a Kalifoniya. Su cewa suka yi abin da aka yi musu kisan ƙare-dangi ne, tunda an yanke musu zuriya da sani. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar. Hujjarta: sanin cewa abu zai cutar daban, niyyar hallaka wata al'umma daban, kuma ba su nuna niyyar ba.

27/
A Nikaraguwa an fi jan daga. Leburori sun yi ta tattaki a ƙafa daga Chinandega zuwa babban birni Managua, tafiyar fiye da kilomita 100, suka kafa bukkokin leda a gaban majalisa suna kwana watanni. An yi musu doka ta musamman, kotunan ƙasar suka yanke diyyar ɗaruruwan miliyoyin dala. Kamfanonin suka ƙi biya, kotunan Amurka suka ƙi tilasta musu.

28/
Gaskiya ɗaya ce, sai an faɗi wannan ma. A 2007 wata kotu a Los Angeles ta ba wasu leburorin Nikaraguwa shida diyyar dala miliyan 3.2. A 2010 mai shari'a Victoria Chaney ta soke hukuncin, ta ce lauyoyin masu ƙara sun shigo da mutanen da ba su taɓa aikin ayaba ba, da takardun gwaji na bogi. Har yau ana jayayya kan shaidun sirrin da ta dogara da su. Amma 'yan damfara sun shiga, kuma masu gaskiya ne suka kwana a ciki.

29/
Ana warkewa? A Isra'ila akwai masana'antar da ta haɗa DBCP, likitoci suka bi ma'aikatanta shekara da shekaru. Wasu ƙwayoyinsu sun dawo bayan shekara uku zuwa huɗu da barin aikin, har suka haihu. Wasu kuwa bayan shekara 17 babu abin da ya dawo. Wanda ya fi daɗewa a cikin gubar shi ya fi rasa dama. Jiki yana ɗaukar kwana 70 da 'yan kai kafin ya ƙera sabon zubi, amma sai in irin bai mutu duka ba.

30/
Kada wani ya ɗauki zaren nan ya ce na ce Nemagon ne a kasuwar garinmu. Ba shi ba ne, an daɗe da daina shi. Kuma ba kowane maganin feshi ne ke yin irin ɓarnarsa ba, shi nasa ya fita daban. Amma abin da muke goyawa ma ba ruwan rijiya ba ne.

31/
Fiya-fiya da Sniper, sinadarin da ke cikinsu sunansa dichlorvos. Shi da chlorpyrifos 'yan gida ɗaya ne, dangin da ake kira oganofosfet. A 2023 masu bincike a Amurka suka tattara nazari 25 da aka yi cikin kusan shekara 50 a ƙasashe daban-daban. Abin da suka gani: mazan da suka fi cuɗanya da wannan dangin magani da wani danginsa, kabamet, ƙwayoyin maniyyinsu sun fi ƙaranci.

32/
A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar dichlorvos da ta samu a jikinsa. Su ɗan abin da ya maƙale a ƙwayar wake ne suka ce ba za su ci ba. Yaron da ya tsiyaya shi da hannu a cikin rufaffen sito, ya juya waken, ya ɗinke buhu hamsin yana shaƙa, shi ba wanda ya auna.

33/
Sai dalma. Tun 1975 wata likita a Romaniya, Ioana Lancranjan, ta auna maza 150 masu aiki da dalma, ta ga yadda yawanta a jini ke tafiya da lalacewar maniyyi: ƙarancin ƙwayoyi, rashin motsi, karkatacciyar siffa. Wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a fannin.

34/
Mu mun san dalma ta wata fuskar. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Hankali ya tafi kan yara, kuma daidai ne, su ke mutuwa. Amma iyayensu maza da ke niƙan sun shaƙi ƙurar nan ita ma. Haka mai fasa tsohon batirin mota yana narka dalmarsa a bakin titi, iska na kaɗo masa hayaƙin.

35/
A takarda muna da doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya jawo wa cuta, hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Amma mai feshin da ake biya kan kowane tanki, wa ya ɗauke shi aiki? Yau gonar Alhaji wane, gobe ta wani. Mutanen Lathrop suna da ƙungiya, suna da kamfani ɗaya da za su nuna da yatsa, suna da likitan da ya saurare su, duk da haka sai da aka shekara 16. Namu ko sunan abin da ya fesa bara bai riƙe ba, "mai jan murfi" kawai zai ce maka.

36/
Abin da ke hannunmu ba shi da tsada sosai. Safar hannu ta roba, ba ta ƙyalle ba, don ƙyalle tsotsewa yake ya riƙe maka a fata. Takalmin ruwa, doguwar riga, leda tsakanin tanki da baya. A gyara murfin da ke yoyo. Kada a hura baki, a sa tsinke. A bi iska, kada a fuskance ta. Lokacin haɗawa ya fi haɗari, don a nan maganin yake tsantsarsa.

37/
Kuma fatar maraina tana cikin wuraren da suka fi saurin tsotse magani a duk jikin mutum, ta fi ta hannu nesa ba kusa ba. Wandon da ya jiƙe da feshi aka wuni da shi, ko a tsaya fitsari ba a wanke hannu ba, kun dai gane. A yi wanka da sabulu da an sauke tanki, kayan aikin kuma a wanke su daban, kada a haɗa wa matar gida da na yara.

38/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe suna cewa a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun ɓangaren namiji. Dalilan suna da yawa: ciwon sanyi da ba a magance ba, kumburin jijiyoyin maraina, hangum bayan balaga, zafi, taba. Sinadarin wurin aiki ɗaya ne a ciki, kuma shi ne wanda ba a cika tambaya ba. In ka je, kai ka faɗa wa likita sana'arka ko bai tambaya ba.

39/
Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Ba allura, ba tiyata. A ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a ba da samfur a ɗakin gwaji, a duba. In ya fito da matsala akan maimaita bayan wata uku kafin a yanke magana. Haihuwa ta Allah ce, babu musu. Amma matan nan biyu ma ai ta Allah ce a wajensu, kuma ba a bar su sun zauna ba.

40/
Satin da ya wuce na samu yayan nan nawa yana wanke tanki a bakin rijiya, na ba shi labarin Lathrop daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Kai ɗalibi, boko ya fara taɓa ka." Muka yi dariya, na tafi. Ana maganar aurensa na uku bayan kaka.

41/
Shekaranjiya bayan isha'i sai ga kiransa. Ya yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa, ya karatu, yaushe za ku koma. Can ya rage murya ya ce, "Wannan awon da ka ce, dole sai a Daura? Ba a yi a Katsina ko Kano, inda ba a san mutum ba?" Na ce ana yi, Yaya. Ya ce to in na tashi komawa makaranta in yi masa magana, mu fita tare da asuba.